Yadda Za Ka Bibiyi Zaɓen Shugaban Amurka, da Dalilin da Ya Sa Yaƙin Neman Zaɓensu Yake Daɗewa

Duk bayan shekara huɗu, idan watan Nuwamba ya ƙarato, zancen zaɓen Amurka yakan mamaye majalisun hira a Bauchi, tun daga teburin mai shayi a Wunti har zuwa ɗakunan ɗalibai a Yelwa, kuma tambayoyi biyu ne suka fi yawan dawowa. Ta farko ita ce yadda mutum zai fi abokin takararsa yawan ƙuri'u da miliyoyi amma a ce shi ne ya faɗi. Ta biyu kuwa ita ce dalilin da ya sa muke jin sunayen 'yan takara kusan shekara biyu kafin a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya. Amsoshin biyu tushensu guda ne: abin da muke kira zaɓen shugaban Amurka zaɓuka 51 ne da ake yi a rana ɗaya, na jihohi 50 da na birnin Washinton, kuma kafin a kai wannan rana sai kowace jam'iyya ta zagaye jihohin ɗaya bayan ɗaya domin fitar da gwaninta.

Ka fara da lissafin 270

Ba'amurke yakan shiga rumfar zaɓe ya tarar da sunan ɗan takarar shugaban ƙasa da na mataimakinsa a kan takarda, ya zaɓi wanda yake so, amma a wurin doka ƙuri'arsa ta tafi ne ga wasu wakilai da jam'iyyar wannan ɗan takara ta riga ta tsayar a jiharsa, kuma su ne za su zauna a watan Disamba su zaɓi shugaba. Wannan rukuni shi ne kwalejin zaɓe, mai mutum 538. Kowace jiha tana samun wakilai gwargwadon kujerunta a majalisar wakilai ta tarayya, a haɗa da sanatocinta biyu. Kujerun majalisar wakilai 435 ne, sanatoci 100, sannan gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulki a 1961 ya bai wa birnin Washinton wakilai uku duk da cewa ba jiha ba ne. Rabin 538 shi ne 269, saboda haka wanda ya kai 270 ya ci zaɓe.

Hanya mafi sauƙi ta gane wannan lissafi ita ce ka ɗauka a ranka cewa Najeriya ce ke aiki da shi. Jihar Bauchi tana da 'yan majalisar wakilai 12 da sanatoci uku, ke nan za ta samu wakilai 15. Gombe mai 'yan majalisa shida za ta samu tara, Kano mai 24 za ta samu 27. Abin da ke ɗaure wa mutane kai yana zuwa ne a nan: wanda ya zo na ɗaya a Bauchi, ko da ratar ƙuri'a ɗari ce tsakaninsa da mai bi masa, shi zai kwashe wakilan nan 15 baki ɗaya, wanda ya zo na biyu kuwa ko ya tara ƙuri'a dubu ɗari bakwai ba zai tashi da wakili ko ɗaya ba. Haka jihohi 48 da birnin Washinton suke yi. Maine da Nebraska ne kawai suka bambanta, domin su suna ba wanda ya ci jihar wakilai biyu, sannan kowace mazaɓar ɗan majalisa ta ba da wakili ɗaya ga wanda ya ci ta. Mai kallon ƙwallo ba zai sha wahalar fahimta ba: idan Wikki Tourists ta ci wasa bakwai da nema maki uku za ta samu, idan ta ci ɗaya mai ban haushi ma maki ukun ne, kuma a ƙarshen kaka da maki ake ɗaga kofi, ba a duba wanda ya fi zura ƙwallaye.

Ana sake raba kujerun bayan kowace ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk shekara goma. Bayan ƙidayar 2020, Kalifoniya tana da wakilai 54, Teksas 40, Filorida 30, New York 28, Pennsylvania da Illinois 19 kowacce, yayin da ƙananan jihohi irin su Wyoming da Vermont da Alaska suke da uku-uku. Da waɗannan alƙaluma aka yi zaɓen 2024, da su kuma za a yi na 2028.

Sau biyar a tarihi wanda ya fi yawan ƙuri'un jama'a ya rasa kujerar: 1824, 1876, 1888, 2000 da 2016. A 2000 Al Gore ya fi George Bush ƙarami da ƙuri'u sama da 500,000 a faɗin ƙasar, amma Bush ya ci Filorida da ratar ƙuri'a 537 kacal, ya tashi da wakilai 271. A 2016 Hillary Clinton ta zarce Donald Trump da kusan ƙuri'a miliyan uku, sai dai yawancin rarar tata ta taru ne a Kalifoniya da New York, jihohin da ko ba rarar ma nata ne, shi kuwa Trump ya ci Pennsylvania da Michigan da Wisconsin da ratar da ba ta kai 80,000 ba idan aka haɗa ukun. Tsarinmu na Najeriya, wanda muka aro daga Amurka a kundin 1979, ya bi wata hanya dabam wajen tabbatar da cewa shugaba ya samu karɓuwa a sassa daban-daban: sai ya fi kowa yawan ƙuri'u, sannan ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. A ganina namu ya fi kusa da adalci a wannan fuska, domin a Wyoming mutanen da ba su kai 200,000 ba ne ke da wakili guda, alhali a Kalifoniya sai an haɗa sama da 700,000, kuma bai kamata nauyin ƙuri'ar ɗan ƙasa ya dogara da jihar da yake zaune ba. Amma sauya tsarin yana buƙatar amincewar kashi biyu bisa uku na majalisun tarayya biyu da kuma jihohi 38, kuma ƙananan jihohin da ke cin moriyarsa ba su da dalilin yarda.

Jihohin da za ka zuba wa ido

Da zarar ka fahimci cewa wanda ya ci jiha ya kwashe komai, za ka gane cewa ba ka da buƙatar bin jihohi 50. Kalifoniya ba ta zaɓi ɗan jam'iyyar Rifablikan ba tun 1988, Teksas kuma ba ta zaɓi ɗan jam'iyyar Dimokurat ba tun 1976, don haka babu ɗan takarar da zai ɓata kuɗin talla mai yawa a cikinsu, sai dai ya je neman gudummawa wurin attajiransu. Zaɓen yakan rataya ne a kan 'yan jihohin da kowane ɓangare zai iya ci, waɗanda ake kira jihohin raba gardama. A 2024 bakwai ne: Pennsylvania mai wakilai 19, Jojiya da North Carolina 16 kowacce, Michigan 15, Arizona 11, Wisconsin 10 da Nevada 6. Trump ya cinye su duka, ya samu wakilai 312, Kamala Harris ta tsaya a 226. Shekara huɗu kafin nan Joe Biden ne ya ci shida daga cikinsu, kuma ratar da ya bayar a Jojiya ƙuri'a 11,779 ce kawai a jihar da aka kaɗa ƙuri'u kusan miliyan biyar.

Wannan ne ya sa ƙaramar al'umma da ke zaune a jihar da ta dace take da nauyin da ya fi yawanta. Musulmi da Larabawan birnin Dearborn a Michigan misali ne: a zaɓen fidda gwani na Dimokurat a Fabrairun 2024, sama da mutum 100,000 a jihar suka ƙi zaɓar Biden, suka dangwala a gurbin da ke nuna ba su tsayar da kowa ba, domin nuna fushinsu kan yaƙin Gaza, kuma jam'iyyar ta ji a jikinta. Jerin waɗannan jihohi yana sauyawa. Ohio da Filorida sun daɗe a cikinsa, yanzu sun karkata ga Rifablikan. Saboda haka idan sabon zaɓe ya ƙarato, aikinka na farko shi ne ka nemo jerin na wannan shekara, ka rubuta sunayen da yawan wakilan kowacce a takarda.

Haka nan idan ka ji rediyo ta ce ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta nuna wane yana gaba da maki biyu a faɗin ƙasa, kada ka ɗora komai a kai. Ka nemi alƙaluman jihohin raba gardama, ka kuma tuna cewa irin wannan bincike yakan yi kuskuren maki uku zuwa huɗu, kuma a 2016 da 2020 ya rage ƙarfin Trump fiye da yadda sakamako ya nuna.

Zagayen farko: yadda jam'iyya ke fitar da gwani

Sharuɗɗan tsayawa takara uku ne a kundin tsarin mulki: mutum ya kasance ɗan ƙasa tun haihuwa, ya kai shekara 35, ya kuma zauna a Amurka shekara 14. Bayan Franklin Roosevelt ya ci zaɓe sau huɗu daga 1932 zuwa 1944, an yi gyara a 1951 da ya hana a zaɓi mutum fiye da sau biyu. Kowa na iya tsayawa, har da ɗan takara mai zaman kansa, amma tsarin kwashe-duka ya sa jam'iyyu biyu ne kaɗai ke da damar ci, wato Dimokurat mai alamar jaki da Rifablikan mai alamar giwa. Ross Perot ya samu kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'u a 1992 bai tashi da wakili ko ɗaya ba.

A nan gida mun saba da a tara daliget a fili ɗaya a Abuja, a kwana ana ƙirga, gari ya waye an san ɗan takara. A Amurka ma akwai daliget da babban taro, amma talakawan jam'iyya ne suke ɗaure hannun daliget tun daga jihohinsu. Daga Janairu zuwa Yuni na shekarar zaɓe, kowace jiha tana da ranarta ta zaɓen fidda gwani, kuma yawan ƙuri'un da mai neman tikiti ya samu shi ke nuna yawan daliget da za su tsaya masa a babban taro. Dimokurat suna raba daliget gwargwadon kason kowa, muddin ya kai kashi 15 cikin ɗari, Rifablikan kuwa a wasu jihohi sukan ba wanda ya zo na ɗaya duka. A 2024 daliget na Rifablikan 2,429 ne, mai neman tikiti yana buƙatar 1,215.

Bisa al'ada jihar Iowa ce ke buɗe fage, kuma ita ba rumfar zaɓe take buɗewa ba, taron unguwa take yi. Da ƙarfe bakwai na dare, cikin tsananin sanyin Janairu, 'yan jam'iyya sukan hallara a ɗakin taron makaranta ko na coci ko ɗakin karatu, wakilin kowane ɗan takara ya miƙe ya yi gajeren jawabi, sannan a zaɓa. 'Yan Rifablikan sukan rubuta suna a 'yar takarda a ƙirga a gaban kowa. 'Yan Dimokurat kuwa, har zuwa 2020, kowa yakan je ya tsaya ne a kusurwar gwaninsa, irin ƙato-bayan-ƙato da muka sani, kuma idan rukuni bai cika adadin da ake buƙata ba sai maƙwabta su shiga lallashin mutanensa su dawo wajensu. New Hampshire ce ke biye, daga nan South Carolina da Nevada, sannan a farkon Maris a yi Babbar Talata, ranar da jihohi fiye da goma suke zaɓe lokaci guda; ta 2024 ta faɗo ranar 5 ga Maris. Daliget ɗin Iowa da New Hampshire ba su taka kara sun karya ba, amma wanda ya yi rawar gani a cikinsu yakan samu hankalin 'yan jarida da kuɗin masu gudummawa, wanda ya sha ƙasa kuwa sau da yawa cikin mako guda yake janyewa ya mara wa wani baya. Nasarar Barack Obama a Iowa ranar 3 ga Janairun 2008 ce ta gamsar da mutane da yawa cewa baƙar fata zai iya cin ƙuri'un fararen fata a jihar manoma.

Yawanci kafin ƙarshen Maris ko Afrilu an san gwani, saboda haka babban taron jam'iyya, wanda ake yi a Yuli ko Agusta, ya zama bikin tabbatarwa da gabatar da mataimaki. A 2024 Rifablikan sun yi nasu a Milwaukee a watan Yuli, Dimokurat a Shikago a watan Agusta. Bayansa sai muhawara a talabijin, al'adar da ta faro tun karawar John Kennedy da Richard Nixon a 1960, sai gangami a jihohin raba gardama har ranar zaɓe.

Me ya sa abin yake daɗewa haka

Da can bai kai haka tsawo ba. Kennedy ya bayyana takararsa ranar 2 ga Janairun 1960, wata goma kafin zaɓe. Obama ya bayyana tasa a Fabrairun 2007, kusan wata 21 kafin zaɓe, Trump kuma ya shelanta takararsa ta 2024 ranar 15 ga Nuwamban 2022, saura 'yan kwanaki shekara biyu cur. Abin da ya shiga tsakani shi ne rikicin 1968. A shekarar, jiga-jigan Dimokurat suka miƙa tikiti ga mataimakin shugaban ƙasa Hubert Humphrey, wanda bai shiga zaɓen fidda gwani ko ɗaya ba, a daidai lokacin da 'yan sanda ke dukan masu zanga-zangar adawa da yaƙin Vietnam a titunan Shikago. Humphrey ya faɗi zaɓe, jam'iyyar ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sanata George McGovern, kuma daga 1972 aka ƙwace ikon ɗauki-ɗora daga hannun iyayen jam'iyya aka mayar wa masu ƙuri'a. Rifablikan ma suka bi sahu. Idan mutum ɗari ne ke yanke hukunci, ana iya gama shawo kansu cikin 'yan makonni, amma idan miliyoyi ne a jihohi 50, dole a fara da wuri. Jimmy Carter, manomin gyaɗa kuma tsohon gwamnan Jojiya wanda kusan babu wanda ya san shi a wajen jiharsa, shi ne ya fara nuna amfanin sammako: ya shelanta takara a Disambar 1974, ya yi ta zarya a Iowa yana kwana a gidajen magoya baya, ya fi kowane ɗan takara samun goyon baya a can a Janairun 1976, ya kuma zama shugaban ƙasa. Tun daga nan kowa ya koyi darasi.

Dalili na biyu shi ne ranar zaɓe sananniya ce tun fil azal. Dokar 1845 ta tsayar da Talatar da ke bin Litinin ta farko a Nuwamba, saboda a lokacin manoma sun gama girbi, hunturu bai tsananta ba, kuma mai tafiya a keken doki zai iya barin gida ranar Litinin ba tare da ya rasa cocin Lahadi ba. Wanda ke da buri ya san ranar zaɓen shekara goma masu zuwa, babu abin da zai hana shi fara shiri yau. A tsarin firaminista, irin wanda muka yi aiki da shi zamanin Sir Abubakar Tafawa Balewa, lamarin ya bambanta, domin jam'iyyu sun riga sun san shugabanninsu, kuma firaminista ne ke zaɓar lokaci. Rishi Sunak ya sanar da zaɓen Birtaniya ranar 22 ga Mayun 2024, aka kaɗa ƙuri'a ranar 4 ga Yuli, mako shida ke nan.

Na uku, babu dokar da ta ƙayyade ranar fara kamfe. Dokar Zaɓe ta 2022 a Najeriya ta ce a fara kwana 150 kafin zaɓe, a tsaya saura awa 24, shi ya sa aka buɗe yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa ranar 28 ga Satumbar 2022, ko da yake duk mun ga fastoci a shataletale tun kafin nan. Japan kwana 12 kawai take bayarwa a zaɓen majalisar wakilanta. A Amurka kotuna suna ɗaukar neman ƙuri'a a matsayin 'yancin faɗin albarkacin baki, wanda gyara na farko a kundin tsarin mulki ya kare, don haka duk dokar da ta ce kada a yi kamfe kafin rana kaza da wuya ta tsira a gaban alƙali. Su kansu jihohin suna rige-rigen zama na farko domin a dama da su; New Hampshire ma doka gare ta cewa zaɓenta ya riga na kowace jiha mai irin tsarinta da aƙalla kwana bakwai, kuma wannan tsere ne ya jawo farkon zagayen daga Maris zuwa Janairu.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi a yau, shi ne kuɗi. Doka ta ƙayyade abin da mutum ɗaya zai iya ba ɗan takara kai tsaye, dala 3,300 a kowane zagaye a zaɓen 2024, saboda haka mai neman tara ɗaruruwan miliyoyi yana buƙatar dubban masu bayarwa, kuma tara su yana cin watanni. Da zarar mutum ya tara ko ya kashe sama da dala 5,000 da sunan takara, dole ya yi rajista da hukumar tarayya mai sa ido kan kuɗin zaɓe, ya riƙa bayyana abin da ya shigo da abin da ya fita, 'yan jarida kuma su mai da wannan rahoto ma'aunin ƙarfinsa. Jam'iyyu ma sun ƙara matsa lamba: domin hawa dandalin muhawarar farko ta Rifablikan a Agustan 2023, wata biyar kafin Iowa, sai mai neman tikiti ya nuna yana da masu gudummawa 40,000. Sannan hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 a shari'ar Citizens United ya buɗe ƙofa ga kamfanoni da ƙungiyoyi su kashe kuɗi ba iyaka, matuƙar ba su haɗa baki da ɗan takarar ba, abin da ya sa attajiri guda zai iya riƙe ɗan takarar da ya kamata a ce ya janye tuntuni. An ƙiyasta cewa zaɓen shugaban ƙasa da na majalisu a 2020 ya laƙume sama da dala biliyan 14. Gidajen talabijin da ke karɓar kaso mai tsoka na wannan kuɗi ba su da wani dalilin son a gajarta lokacin.

Zaɓen 2024 ya nuna cewa ana iya yin kamfe a gajeren lokaci, domin Biden ya janye ranar 21 ga Yuli bayan muhawarar da ta fallasa rauninsa, Harris ta karɓi tuta saura kwana 107, ta kuma tara sama da dala biliyan ɗaya. Sai dai ta samu tikitin ba tare da ta ci zaɓen fidda gwani ba, kuma abokan hamayya sun yi ta yi mata gori da hakan. Ni ina ganin doguwar tafiyar tana da amfani guda da bai kamata a raina ba: tana tilasta wa mai neman mulki ya tsaya gaban talakawa ya amsa tambaya, a tone tarihinsa, a ga yadda yake idan ya gaji ko ya fusata, kuma tana ba wanda ba shi da ubangida damar fitowa. Illarta kuwa ita ce ta mai da neman kuɗi rabin aikin ɗan siyasa, kuma shugaban da aka rantsar yau bai cika shekara biyu ba za a yi zaɓen rabin wa'adi, inda ake sake zaɓen dukkan kujeru 435 na majalisar wakilai da kusan kashi ɗaya bisa uku na majalisar dattawa.

Daren zaɓe daga Bauchi

Abu na farko da za ka cire daga ranka shi ne jiran wani shugaban hukumar zaɓe ya zauna a gaban kyamara ya karanta sakamako. Amurka ba ta da hukuma irin INEC. Jihohi da ƙananan hukumominsu, waɗanda suka haura 3,000, su ke shirya zaɓe, kowacce da dokokinta na rajista da katin shaida da lokacin rufe rumfa. Kafofin labarai, musamman kamfanin dillancin labarai na AP, su ne ke tattara alƙaluma daga ƙananan hukumomi, su bayyana cewa wane ya ci jiha kaza idan suka tabbatar ƙuri'un da suka rage ba za su iya sauya sakamakon ba. Wannan sanarwa ba ta da ƙarfin doka, amma ba kasafai take kuskure ba.

A farkon Nuwamba agogonmu yakan riga na gabashin Amurka da awa shida. Jojiya tana rufe rumfuna da ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya, North Carolina ɗaya da rabi, Pennsylvania da yawancin Michigan ƙarfe biyu, Wisconsin da Arizona da sauran Michigan ƙarfe uku, Nevada ƙarfe huɗu, Kalifoniya kuma ƙarfe biyar, wajen kiran sallar asuba. Shawarata ita ce ka yi cajin waya da rana, ka kwanta da wuri, ka tashi wajen ƙarfe uku da takardar nan taka ta jihohin raba gardama a hannu. Ka rubuta wa kowane ɗan takara jimillar wakilan jihohin da babu shakka nasa ne, sannan duk jihar da aka bayyana ka ƙara masa, ka duba ko saura nawa ya kai 270. Taswirar da za ka gani a waya ja ce ga Rifablikan, shuɗiya ga Dimokurat, kuma kada faɗin launi ya ruɗe ka, domin manyan jihohin tsakiyar ƙasar fili ne da su, mutanensu kaɗan ne.

Ka yi hattara da sakamakon farko-farko. Miliyoyin mutane suna kaɗa ƙuri'a makonni kafin ranar, wasu a rumfa wasu ta gidan waya. A 2020, lokacin annobar korona, sun haura miliyan 100. Wasu jihohi, kamar Filorida, suna fara tantance waɗannan ƙuri'u tun kafin ranar zaɓe, don haka sakamakonsu yakan fito da wuri, amma dokar Pennsylvania da ta Wisconsin ta hana a buɗe ambulan sai ranar zaɓen kanta. Ƙauyuka, inda Rifablikan suka fi ƙarfi, sukan gama ƙirga kafin manyan birane. Haka ya faru a 2020: Trump yana gaba da dubban ɗaruruwan ƙuri'u a Pennsylvania a daren Talata, ƙuri'un gidan waya da na birnin Philadelphia suka riƙa shigowa, ranar Asabar 7 ga Nuwamba aka bayyana Biden. A 2024 kuwa ratar ta fi fitowa fili, an san Trump ya ci kafin azahar ɗin Laraba agogonmu. Idan ka ga bidiyo a Facebook ko WhatsApp da ke cewa an kama ana maguɗi, ka jira ka ji ko an kai shi gaban alƙali. Ɓangaren Trump ya shigar da ƙararraki kimanin 60 bayan zaɓen 2020, kuma babu wadda ta sauya sakamakon jiha ko ɗaya.

Daga Nuwamba zuwa rantsarwa

Bayan ƙirga, kowace jiha tana tabbatar da sakamakonta a hukumance, sannan a tsakiyar Disamba wakilan kwalejin zaɓe su hallara a babban birnin jiharsu su kaɗa ƙuri'a. A 2024 ranar 17 ga wata aka yi. Lokaci-lokaci wakili yakan saɓa alkawari, kamar mutum bakwai da suka yi haka a 2016, amma hakan bai taɓa sauya wanda ya zama shugaban ƙasa ba, kuma Kotun Ƙoli ta yanke a 2020 cewa jiha tana da ikon hukunta ko sauya irin wannan wakili. Ranar 6 ga Janairu majalisun biyu suna zama tare a ƙirga ƙuri'un, mataimakin shugaban ƙasa yana jagoranta. Wannan zama ne magoya bayan Trump suka kutsa wa a 2021, abin da ya sa aka yi doka a 2022 da ta fayyace cewa mataimakin ba shi da ikon ƙin karɓar ƙuri'un wata jiha. Idan babu wanda ya kai 270, majalisar wakilai ce za ta zaɓi shugaba, kowace jiha da ƙuri'a ɗaya tak, kamar yadda aka yi wa John Quincy Adams a 1825. Ana rantsar da sabon shugaba ranar 20 ga Janairu da ƙarfe 12 na rana agogon Washinton, wato ƙarfe shida na yamma a Bauchi.

Abin da na fi so mu lura da shi a wannan tsakani shi ne cewa shari'ar zaɓe takan ƙare kafin rantsuwa. Rikicin Filorida na 2000, duk da zafinsa, Kotun Ƙoli ta rufe shi ranar 12 ga Disamba, mako biyar bayan zaɓe, alhali a nan an rantsar da shugaban ƙasa ranar 29 ga Mayun 2023, hukuncin ƙarshe bai fito ba sai 26 ga Oktoba, lokacin da wanda ake ƙara ya riga ya naɗa ministoci. Wannan ɓangare ya fi kwalejin zaɓe cancantar a yi koyi da shi.

Zaɓe na gaba zai kasance ranar Talata 7 ga Nuwamban 2028. Tunda an riga an zaɓi Trump sau biyu, kundin tsarin mulki ya hana shi sake tsayawa, don haka jam'iyyun biyu duka za su yi zaɓen fidda gwani ba tare da shugaba mai ci a cikin 'yan takara ba. Bisa yadda aka saba, manyan masu neman tikiti za su shelanta aniyarsu a watannin farko na 2027, muhawarorin cikin gida su fara a tsakiyar wannan shekara, kuma duk gwamna ko sanatan da ka ji yana yawan kai ziyara Iowa ko New Hampshire ko South Carolina alhali ba jiharsa ba ce, ka sa sunansa a takardarka.